Ina ruwan ɗan Arewa da dutse mai aman wuta?

A hutun da ya wuce na kai ziyara gida Kore Mairuwa. Ran da zan komo Yamai, bayan sallar la'asar, kawuna ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gida, ya ce yana da magana. Dattijo ne wanda bai shiga lakkol ba, amma ya yi karatun yaƙi da jahilci da girmansa har ya samu takardar shaida, kuma duk lokacin da wannan shafi ya kai hannunsa sai ya karance shi tun daga sama har ƙasa. Ɗiyarsa, wato taubashiyata, tana ajin ƙarshe na lise, sashen kimiyya. Ta gaya masa cewa in Allah ya ba ta bak, ilimin duwatsu take so ta karanta, musamman duwatsun nan masu aman wuta waɗanda mushensu ya ba su labari.

Kawu ya ce mini: "Ɗana, kai da ke juya takardun gwamnati zuwa Hausa, juya mini wagga magana. Na san likita, na san mushen lakkol, na san malamin gona da na dabbobi. Amma mai binciken dutse mai aman wuta, mi za ya yi muna? Tun da anka haife ni nike kallon duwatsun Dogon Dutsi, ban taɓa ganin ko hayaƙi bisansu ba. Wa za ya biya ta albashi?"

Na yi ƴan kame-kame, amsar da na ba shi ba ta gamsar da shi ba, ni ma ba ta gamsar da ni ba. Sai na yi masa alkawarin zan bincika, in amsa masa a nan inda sauran iyaye da magabata za su gani. Tambayar tana da nauyi, domin manomin da ya bar ɗiyarsa ta yi shekara 13 a lakkol, yana sayar da hatsi da akuya domin littafi da tufafi, yana kuma haƙuri da maganganun maƙwabta, yana da haƙƙin ya san inda wahalarsa za ta kai.

Da farko dai, Kawu yana da gaskiya game da duwatsunmu. Tsaunukan Dogon Dutsi da duk waɗanda ke gefen Dallol Mawri ba wuta ce ta yi su ba, ruwa ne. Yashi ne da yumɓu da ruwa ya yi ta jibgewa bisa juna tun zamani mai nisa, suka daskare, marmara ta rufe kansu kamar faifai, sa'an nan ruwan sama da ƙoramu suka yi ta zaizaye gefensu har suka bar su tsaye da kai a baje. Dallol ɗin kansa tsohon kwarin kogi ne wanda ya ƙafe, shi ya sa ruwa yake kusa a fadamunmu. Saboda haka mutanen Kore Mairuwa da Tibiri da Matankari su kwana da hankalinsu, babu dutsen da zai yi masu aman wuta. Da a nan maganar ta tsaya, da na ce wa taubashiyata ta nemi wani karatu.

Amma Nijar ba ta tsaya a Arewa ba. Can cikin ƙasa, ƙarƙashin ƙafafunmu, akwai zafi mai tsanani, kuma a wasu wurare zafin yakan narkar da dutse kamar yadda maƙeri ke narkar da ƙarfe. Narkakken dutsen ya fi wanda ke kewaye da shi rashin nauyi, kuma cike yake da iska, saboda haka sai ya riƙa neman hanyar hawa. In ya samu tsaga ya fito, zafinsa yakan kai digiri 1000 zuwa 1200. Wani yakan malala kamar kunu, wani kuwa mai kauri ne, sai ya toshe bakin ramin har iska ta taru ta fashe shi, toka ta tashi sama kilomita da yawa. Masana sun ƙidaya duwatsu kimanin 1350 a doron ƙasa waɗanda za su iya farkawa, kuma a kowane lokaci akwai wajen 40 zuwa 50 da ke cikin aman.

To, irin waɗannan duwatsu muna da su a ƙasarmu. A kudancin Ayar, wadda kakanninmu ke kira Abzin, a yankin Todra kusa da tsaunin Bagzan, akwai tsofaffin bakunan wuta fiye da 100, da baƙin dutsen da ya malala daga cikinsu ya bi kwaruruka ya daskare. A ma'aunin masu wannan ilimi, waɗansunsu ƙuruciya gare su. Arewa da Agadas kuma akwai Tafadak, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, mutane suna zuwa wanka domin ciwon gaɓoɓi. Su kuwa manyan tsaunukan Ayar masu siffar zobe, saiwoyin tsofaffin duwatsun wuta ne na shekara kimanin miliyan 400, waɗanda iska da ruwa suka cinye kansu suka bar gindin. Jerinsu ya gangaro kudu ta Damagaram da Muniyo, wajen Zindar da Gure, har ya kai Jos a Najeriya, kuma gwargwadon yadda aka yi kudu gwargwadon yadda shekarunsu ke raguwa. Kuzar da aka haƙa a Elmeki da wadda aka haƙa a Jos daga wannan zuriyar duwatsu suka fito.

Ga kuma abin da ya fi kuza. A shekarar 1957 aka fara gano uraniyom a Azelik, kuma masu binciken da suka gano shi baƙi ne, jan ƙarfe ma suka zo nema. A 1971 kamfanin SOMAIR ya soma fitar da shi a Arlit, COMINAK ta biyo baya a 1978 har zuwa rufe ta a 2021. Masana da yawa suna ganin cewa asalin wannan uraniyom daga duwatsun wutar Ayar yake da tokar da suka yi amanta: ruwa ne ya wanke shi daga cikinsu, ya bi da shi ta cikin yashi, ya tara shi a wuraren da ake haƙarsa. Wato dukiyar da aka gina ma'aikatu da hanyoyi da ita a ƙarshen shekarun 1970, wadda ta sa sunan Nijar ya shiga kunnen manyan ƙasashe, gadon dutse mai aman wuta ce. A 2025 gwamnati ta mayar da SOMAIR hannun ƙasa. Mallakar rami abu ɗaya ne, sanin inda jijiyar ma'adini ta nufa a ƙarƙashin ƙasa kuma abu ne dabam, kuma wannan sanin ba a samunsa da sa hannu a takarda. Sai an samu ɗan ƙasa wanda zai ɗauki tsakuwa ya duba, ya faɗi yadda aka yi ta da lokacin da aka yi ta.

Na san abin da Kawu zai ce: Arlit tana da nisa, shi gero yake nomawa. To, ga maganar gero, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin duk abin da na karanta.

Tsofaffinmu sun ba mu labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta share garuruwa tun daga nan har Kano. Shekara ɗaya kafin ta, a watan Yuni na 1912, wani dutse a yankin Katmai na Alaska, can ƙuryar arewacin Amurka, ya yi aman da babu kamarsa a ƙarni na 20. Mu kuma iyayenmu sun ga farin 1983 da 1984, shekarar da aka yi wa laƙabi da El Buhari, sa'ad da rumbuna suka ƙare, garkuna suka mutu, mutane suka watsu. Kafin wannan kuma, a watannin Maris da Afrilu na 1982, dutsen El Shishon na ƙasar Meziko ya fashe, ya hallaka mutum wajen 2000, ya watsa miliyoyin tan na hayaƙin farar wuta can ƙololuwar sama. A 2013 waɗansu masanan hukumar yanayi ta Ingila suka duba lissafin ruwan Sahel na fiye da shekara 100, suka tarar cewa cikin damuna 4 da suka fi kowace bushewa, 3 sun biyo bayan babban aman wuta a arewacin duniya.

Yaya dutsen Meziko zai taɓa gonar Kore Mairuwa? Hayaƙin farar wuta in ya hau sama da inda gajimare ke tsayawa, ruwan sama ba ya wanke shi da wuri. Sai ya zama wani siririn hazo, ya bazu ya kewaye duniya, ya yi shekara ɗaya ko biyu yana mayar da wani kashi na hasken rana. Damunarmu kuwa zafi take bi: iskar teku mai ɗauke da ruwa tana hawowa daga kudu ne domin ƙasar arewa ta yi zafi tana janyo ta. In hazon ya fi yawa a arewacin duniya, arewa ta ɗan yi sanyi, sai iskar ruwa ta kasa hawowa inda ta saba, ta tsaya can kudu. Mu da ke bakin iyakar damuna, mu ne farkon waɗanda za a bari da fari.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ban ce kowane fari dutse ne ya kawo shi ba. Farin 1972 da 1973 ba a ɗora shi a kan wani dutse ba, kuma zafin ruwan teku yana da babban hannu cikin al'amarin damunarmu. Ruwa kuma na Allah ne, yana saukar da shi inda ya so. Neman sanin sababi bai saɓa wa wannan ba, kamar yadda manomin da ke duban tashin gajimare da fitar taurari kafin ya yi shuka bai yi saɓo ba. Abin da nake faɗi shi ne: in babban dutse ya fashe a arewacin duniya cikin rani, ƙasar da ke da masu fahimtar abin tana da watanni na shiri. Za ta iya cika rumbunan tsimi, ta tanadi irin gero mai saurin nuna, ta ƙarfafa noman rani a fadamu, ta gargaɗi makiyaya su rage garke tun dabba tana da daraja. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, cibiyar ACMAD ma a Yamai take. Ba zai kyautu a ce ana taron hasashen damuna a babban birninmu, amma mai bayanin hazon duwatsu kullum baƙo ne ba.

Yanzu bari in faɗi yadda aikin yake, domin mutane suna zaton mai wannan sana'a kullum yana bakin rami ne wuta tana lasar rigarsa. Hotunan Harun Taziyef, masanin nan na Faransa da ya shahara da sauka bakin tafkin wuta na Nyiragongo a Kwango, su suka sa wannan zato. Gaskiyar magana, yawancin aikin tafiya ce da awo da lissafi.

Na farko, mai guduma da taswira. Shi ne ke yawo cikin tsaunuka yana karanta shimfiɗun toka da na narkakken dutse kamar yadda ake karanta shafukan littafi: na ƙasa ya riga na sama. Yakan ɗebo gutsattsari ya kai ɗakin bincike, a yanka su a goge har kaurinsu ya zama kashi 3 cikin 100 na milimita, haske ya riƙa ratsa su, sa'an nan a duba su a madubi mai ƙara girman abu. Ƙwayoyin da ke ciki suna faɗin zurfin da dutsen ya fito da zafin da ya narke. Akwai kuma hanyar sanin shekarunsa: wani sinadari mai suna fotasiyom da ke cikin dutse yana rikiɗewa a hankali zuwa iskar argon bisa ƙa'idar da ba ta sauyawa, saboda haka in an auna yawan wannan da yawan wancan, sai a san ran da dutsen ya daskare. Ta haka ake gane ko dutse ya saba farkawa duk shekara 50 ne ko duk shekara 5000, da inda amansa ya saba bi. Mu mutanen Arewa ba baƙi ba ne ga tambayar dutse, kowa ya san labarin Tunguma ta Lugu. Amma wannan tambayar da ma'auni ake yin ta, kuma duk wanda ya maimaita awon zai samu amsa ɗaya.

Sai mai sauraron ƙasa. Narkakken dutse ba ya hawa a ɓoye: yana farfasa abin da ke gabansa, ƙasa tana ƴan girgiza waɗanda mutum ba ya ji amma na'ura tana rubutawa. In aka binne na'urori kewaye da dutse, aka ga girgizar tana ƙaruwa tana kuma matsowa sama, an san abu yana tafe. Mutane kaɗan ne suka san cewa a Torodi, cikin ƙasarmu, an kafa ɗaya daga cikin manyan tashoshin sauraron girgizar ƙasa na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar hana gwajin makaman nukiliya ta 1996. An zaɓi wurin ne domin dutsen da ke ƙarƙashinsa tsoho ne mai tauri, yana kawo motsi daga nesa sarai. Ilimin karanta irin wannan rubutu ɗaya ne, ko bam ne ya fashe ko dutse.

Akwai mai awon kumburi, domin dutsen da ke cika yana kumbura kamar ƙurji kafin ya fashe, ko da santimita kaɗan ne. Yau taurarin ɗan adam suna iya ganin wannan daga sama, mutum yana zaune gaban kwamfuta a Yamai zai iya bin dutsen da ke Habasha. Akwai mai awon iska da ruwa, wanda ke auna hayaƙin farar wuta da iskar karbon da ke fita daga tsagogi da maɓuɓɓugai. Akwai kuma mai bin toka domin jiragen sama, gama tokar dutse tana narkewa cikin injin jirgi ta kashe shi. A watan Afrilu na 2010 dutse ɗaya a Aisland ya sa aka soke tashin jirage wajen 100,000. Makarantar EAMAC da ke horar da masanan yanayi da masu kula da zirga-zirgar jirage na ƙasashen Afirka da yawa, ita ma a Yamai take.

Ba zan ɓoye wa Kawu haɗarin ba. A ranar 3 ga Yuni 1991 Moris Kraft da matarsa Katiya, waɗanda suka ƙare rayuwarsu suna ɗaukar hoton duwatsu, sun mutu a dutsen Unzen na Japan tare da mutum 41. A Janairu 1993 masana 6 sun hallaka a bakin dutsen Galeras na Kolombiya. Amma in aka ƙidaya waɗanda suka mutu domin sun matsa kusa, aka ƙidaya waɗanda suka mutu domin babu wanda ya duba ko babu wanda ya saurara, tazarar tana da ban tsoro.

A daren 21 ga Agusta 1986, a ƙasar Kamaru, tafkin Nyos da ke cikin bakin tsohon dutsen wuta ya saki iskar karbon da ta daɗe tana taruwa a ƙasansa. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ba ta da launi, sai ta gangara kwaruruka cikin duhu. Gari ya waye mutum 1746 sun mutu, da dabbobi wajen 3500, da yawansu shanun Fulani makiyaya irin namu. Babu wuta, babu toka, bukkoki suna tsaye. Shekara biyu kafin nan, a 1984, tafkin Monun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya, amma ba a gane abin da wuri ba. Bayan masana sun gano dalili, a 2001 aka zura bututu cikin tafkin Nyos domin iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan, aka ƙara biyu a 2011. Najeriya kuma ta gina madatsar ruwa a Kashimbila, jihar Taraba, domin tare ambaliya in bangon tafkin ya karye. Ga aikin mai awon ruwa ke nan. Kuma kada mu ce abin ya yi mana nisa: a Tibirin Gobir, ba tamu ta jihar Doso ba, ruwan wani foraj da aka soma sha a tsakiyar shekarun 1980 yana ɗauke da sinadarin fuliyor fiye da kima, ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙasusuwa kafin a rufe shi. Hannun da ya iya auna ruwan Nyos shi ne zai iya auna ruwan foraj kafin yaro ya sha.

Akwai wani darasi da ya shafe ni a matsayina na mai fassara. A ranar 13 ga Nuwamba 1985 dutsen Ruyis na Kolombiya ya narkar da ƙanƙarar da ke kansa, laka ta gangaro ta binne garin Armero, mutum wajen 23,000 suka mutu a yankin. Masana sun riga sun zana taswirar haɗari wata ɗaya kafin nan, kuma taswirar ta nuna Armero a kan hanyar laka. Lakar ta yi fiye da awa biyu kafin ta iso, lokacin da ya isa mutum ya hau tudu da ƙafa. Ilimin yana cikin takarda, bai shiga kunnen jama'a ba. Shekara 6 bayan haka, a 1991, dutsen Finatubo na ƙasar Filifin ya farka bayan barcin shekara wajen 500. Masanan ƙasar da abokan aikinsu suka kafa na'urori, amma ba su tsaya nan ba: suka bi hukumomi da sojoji da shugabannin ƙauyuka suna nuna masu fim ɗin da Moris Kraft ya shirya, domin wanda bai taɓa ganin gajimaren wuta yana gudu bisa ƙasa ba, ba zai bar gonarsa don an ce masa ya bari ba. Aka kwashe dubun dubatar mutane kafin babbar fashewa ta ranar 15 ga Yuni, dubban rayuka suka tsira. Shi ya sa nake ganin masanin da ya tashi yana jin Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek ko Fillanci yana da wani abu da baƙo ba shi da shi, komai digirinsa. Zai iya zama a fadar sarki ko a rediyon gari ya faɗi abin da na'ura ta nuna da kalmomin da manomi zai yarda da su. Mu masu fassara muna iyakar ƙoƙari, amma sau da yawa ana kawo mana takarda cike da kalmomin da babu wanda ya taɓa zama ya nema masu Hausa, kuma babu masanin da za mu tambaya.

Masana ma suna kuskure, kuma kuskurensu yana da tsada. A 1976 an kwashe mutum fiye da 70,000 daga gindin dutsen Sufuriyer na tsibirin Gwadalup har tsawon watanni, babbar fashewar da ake tsoro ba ta zo ba, masanan Faransa suka yi ta jayayya a bainar jama'a. A Goma kuwa, inda narkakken dutsen Nyiragongo ya ratsa tsakiyar gari a 2002, ya sake fitowa a watan Mayu na 2021 ba tare da gargaɗi ba. A lokacin cibiyar da ke sa masa ido tana fama da ƙarancin kuɗi, domin taimakon waje da take dogara da shi ya yanke. Ko da yake binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa a wannan karon dutsen da kansa bai ba da alama ba sai ƴan mintoci kafin ya tsage. Duk da haka magabatanmu su lura da rabin farko na labarin. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Mu komo ga albashi, tambayar Kawu ta ƙarshe. Ba zan yaudari kowa ba: Nijar ba ta bukatar masanan dutsen wuta 100, kuma babu ofishin da ke jiran su da kujera. Ko a manyan ƙasashe guraben kaɗan ne. Ƴan ƙalilan sun ishe mu, waɗanda za su koyar a jami'a, su zana taswirar Todra da hannunsu, su auna Tafadak, su zauna tare da masu hasashen damuna. Amma hanyar da ke kai mutum can ba siririya ba ce. Wanda ya samu bak na kimiyya zai shiga sashen ilimin ƙasa da duwatsu na Jami'ar Abdu Mumuni, ya yi shekara 3 na lisans da 2 na masta, ko ya shiga EMIG a Yamai ya fito injiniya. Makarantar ma'adinai ta EMAIR a Agadas kuma tana horar da ƙwararrun ma'aikata. Sai bayan wannan ne mai son dutsen wuta zai nemi digirin dokta, shekara 3 ko fiye, a inda duwatsun ke raye: Buweya a gindin dutsen Kamaru, ko Habasha, ko Kenya, ko Kilermon Feran ta Faransa. Wanda ya tsaya a rabin hanya bai yi asara ba. Shi ne mai neman ruwa ƙarƙashin Dallol Mawri, shi ne mai binciken zinariya da man fetur na Agadem da farar ƙasar simintin Malbaza, shi ne mai duba ƙasa kafin a shimfiɗa hanya ko a gina madatsa. A Kenya, tururin da ke fitowa daga ƙarƙashin duwatsun wuta, musamman a Olkariya inda aka soma a 1981, yana ba da wajen kashi 40 cikin 100 na lantarkin ƙasar, kuma ƴan ƙasar ne ke riƙe da aikin bayan an yi shekaru ana tura su koyo. Ban ce Tafadak za ta zama Olkariya ba. Sai an auna za a sani, kuma awon yana bukatar mai awo.

Abin da nake roƙon magabata ba shi da yawa. In ana rabon burs na karatu mai zurfi, a keɓe ko guda biyu ko uku a shekara domin ilimin cikin ƙasa, a kuma yi sharaɗin mai shi ya komo ya yi aiki. A sa wa ɗaliban jami'a kuɗin fita daji, domin ɗalibin duwatsun da bai taɓa riƙe guduma a Ayar ba kamar maƙerin da bai taɓa hura zuga-zugi ba ne. A kuma haɗa masana da masu fassara da malaman yaƙi da jahilci su zauna su tsayar da kalmomin wannan ilimi cikin harsunan ƙasa. Yaron da ya shiga jami'a bana, sai bayan shekara 8 ko fiye zai zama masani, alhali dutse ba ya aiko da goron gayyata: a Nuwamba 2025 dutsen Hayli Gubbi na Habasha, wanda tarihi bai taɓa rubuta amansa ba, ya fashe, tokarsa ta ƙetare Bahar Maliya har ta dami jiragen sama a Indiya.

Kawu, ga abin da na samo. Shawarata ita ce ka bar ta ta tafi, amma ka gaya mata gaskiya yadda na gaya maka: ta riƙe lissafi da kimiyyar sinadarai da hannu biyu, ta koyi Ingilishi domin yawancin littattafan fannin da shi aka rubuta su, kuma ta sa a ranta cewa wataƙila ruwan rijiya ne zai ciyar da ita kafin dutsen wuta. Ke kuma taubashiya, jarrabawa ta matso, bak ɗin tukuna. In kin ci, kuɗin motarki daga Kore Mairuwa zuwa Yamai a wuyana yake, da gudumar farko.